Ƙugiya a Kafaɗar Taubasai

Har gobe ban manta da ranar da Malam Garba na Nahuce ya shigo ɗakin hoto yana neman shaidar da zai kai ɗan'uwansa ƙara ba. Duk sanda abin ya faɗo mini sai in kama dariya ni kaɗai, wani lokaci a kan babur, mutane suna kallona kamar wanda ya zautu. Ku da kuka zo sashen nan kwanan nan kun sha tambayata dalilin da ya sa nake ƙura wa hannun tsoho ido in ya miƙo mini gaisuwa. To yau ku gyara zama ku ji.

Wata Talata ce a ƙarshen kaka, ana gama shigar da dawa rumbu. Lokacin na wuce matakin sabon shiga, na zama babban mai ɗaukar hoton ƙashi, amma akwai shugaban sashe a samana. Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ba ma duba marar lafiya mu rubuta masa magani. Likita ke dubawa, ya rubuto gaɓar da yake son gani da ta inda yake son ganinta. Mu kuma mu tsayar da mutum, mu daidaita na'ura, mu ɗauka, hoton ya fito a kwamfuta, likita ya karanta. Ba ma ɗaukar kowa hoto don kawai ya roƙa, saboda hasken na'urar ba abin wasa ba ne. Likitar ƙashi da ke aiki ran nan ita ce Dakta Sa'adatu, mace mai saurin tafiya da saurin dariya, wadda in ta kalle ka sau ɗaya ta gama sanin inda ke maka ciwo.

Ita ta turo Malam Garba. Dogo ne ƙwarai, sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofarmu. Ya haura sittin, hannunsa na dama a rataye a wuya da tsohon rawani. Babban ɗansa Lawali na biye da shi, magidanci ne sosai, ya sha mur kamar an aiko shi karɓar gawa.

"Kai ne mai hoton, ɗana?" in ji tsohon.

Na ce ni ne, Baba.

"To ka ɗauka da kyau. Ka hiddo min inda Guntu yak karya ni. Gaban dagaci za mu kai shi."

Ina taimaka masa cire riga na tambayi wane ne Guntu, Lawali ya karɓe zancen. Guntu shi ne Malam Ila na Tsafe, ainihin sunansa Isma'ila. Taubashin Malam Garba ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifin Malam Garba ce. Kun dai san wasan taubasai, ba a jin haushi, ba a kai ƙara, kuma ba a ragawa. Tun suna yara wannan ke kiran wancan Guntu, wancan ke kiran wannan Falwaya, wato dogon sandan wayar wuta. Duk kaka Malam Ila kan baro Tsafe ya zo Nahuce taya ɗan'uwansa aikin rumbu, ko da yake in ji Lawali aikin da yake yi bai wuce zama a inuwa yana zagin mai gida ba.

Shi kuwa Malam Garba abin alfaharinsa a duniya shi ne jifan dami. Mutum ɗaya na saman rumbu, shi yana ƙasa, ya ɗaga damin dawa sama da kansa ya cilla masa. Tun yana saurayi ba ya bari kowa ya karɓe masa wannan aikin. A kakar nan ya ɗaga wani dami, Malam Ila ya lallaɓo ta bayansa yana cewa tsoho dami ya fi ƙarfinsa. Sai Malam Garba ya ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗarsa kamar an doke shi, dami ya faɗi, hannu ya sauka bai ƙara ɗaguwa ba. Malam Ila bai san abin ya yi tsanani ba, ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce, "Ka ji ƙarhin hannuna ko? Ɗan taɓi ɗai niy yi maka."

Wannan magana ita ta ɗaure Malam Ila. An kai Malam Garba wurin maɗori, ya lalube ya ce bai ji karaya ba, ya dai shafa magani ya ɗaure. Hannu ya ƙi tashi, barci ya gagara in ya kwanta a ɓangaren. 'Ya'yansa suka ce wannan ya wuce wasa. Da Malam Ila ya dawo dubiya, Lawali ya tare shi a zaure ya ce Baba na barci, alhali muryar Baba na tashi daga cikin gida. Abin da ya fi taɓa ni shi ne na ƙarshe. Matar Lawali ta haihu namiji, suna ranar Juma'a mai zuwa, kuma tun cikin yana ƙarami Malam Garba ya yi alkawarin in namiji ne za a yi wa Ila takwara. Yanzu Lawali ya ce an fasa, ko goron suna ba za a aika Tsafe ba.

"Wanda yan nakasa min uba ba ni sa ma ɗana sunanai," in ji shi.

Malam Garba ya kau da kai yana kallon bango. Na lura fushin nan ba duka nasa ba ne, na 'ya'yansa ne ya yafa.

Na fitar da Lawali waje kamar yadda doka ta ce, na ɗauki hoto na farko ta gaba. Babu karaya, babu gocewa, ko tsagewa babu. Sai na biyu, wanda Dakta ta nema musamman. A wannan mutum zai fuskanci allo a karkace, ya jingina kafaɗar da ke ciwo, kai kuma ka zo ta bayansa ka ɗan sunkuyar da kan na'ura ƙasa. Ku sabbi ku riƙe wannan, in ba ka sunkuyar da ita daidai ba ƙasusuwa za su hau juna, ba abin da za ka gani. Hoton na fitowa na ce a raina yawwa. Ga ɗan ƙashin saman kafaɗa, bakinsa ya lanƙwaso ƙasa kamar ƙugiyar mahauci.

Na fita kiran Dakta. A barandar sashenmu, can ƙarshen benci, wani gajeren tsoho ya miƙe ya taro ni. Ya miƙo hannun dama, ya tallafe gwiwar hannun da hagunsa, har da ɗan rusunawa, irin gaisuwar da ake yi wa hakimi ko babban malami. Mutum sa'an mahaifina. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na gyara farar rigata, na ce a raina ashe dai akwai sauran masu sanin darajar ma'aikaci a ƙasar nan.

"Malam likita," ya ce a hankali, "an kawo wani dogo nan, awa falwaya?"

Na ce an kawo. Ya tambaya ko hannun zai tashi, na ce sai likita ta gani. Ya koma ya zauna ya ja hula ta rufe masa goshi. Ban tsaya tunanin komai ba, ina ta jin daɗin gaisuwata.

Dakta Sa'adatu ta zo ta duba hoton, ta kai Malam Garba ɗakin sikanin da ke kusa da namu, domin jijiya ba ta fitowa a hoton ƙashi. Can ta ga jijiyar da ke ɗaga hannu ta yage, kuma gefen yagewar duk a cinye yake, alamar abu ya daɗe yana lalacewa. Muka dawo gaban kwamfuta, aka kira Lawali, ta juyo musu da hoton.

"Baba, ka ga nan? A saman gaɓar kafaɗa akwai ɗan ƙashi da ya fito daga allon kafaɗa ya yi wa gaɓar rumfa. Jijiyoyin da ke ɗaga hannu da juya shi ta ƙarƙashin rumfar nan suke bi. Wani tasa a shimfiɗe take, wani ta ɗan lanƙwasa, wani kuma bakinta ya sunkuyo kamar ƙugiya. Taka ƙugiya ce. Hanyar ta yi wa jijiya ƙunci, duk sanda ka ɗaga hannu sama da kai sai ta goga. Ka san yadda igiyar guga ke cinyewa a bakin rijiya. Ba kowane mai ƙugiya ne jijiyarsa ke yagewa ba, amma in ƙugiya ta haɗu da shekaru da jifan dami, ga abin da ake samu. Ko ba kowa a bayanka ran nan, da wuya ta kai wata kakar."

Malam Garba ya matso ya ƙura wa hoton ido ya daɗe. Na ɗauka magana ta shige shi. Sai ya ɗago da fuska cike da murna.

"To ai shi ke nan, Likita. Bugun Guntu yal lanƙwasa shi. Ga shaida ta hito."

Na juya baya na yi kamar ina gyara waya. Dakta ta danne dariyarta ta ce bugu ba ya lanƙwasa ƙashin babba ya bar shi lafiya, amma tunda ana gardama, kuma ya ce hagun ma takan yi masa tsami bayan aiki, a ɗauki hagun a kwatanta. Ta rubuta, na ɗauka. Ƙugiya ta fito a hagu, kamar an kwafe ta daga dama.

"Nan fa, Baba, wa ya buge ka?" in ji Dakta.

Tsohon ya shafa gemu. Can ya ce, "Dauri, muna yara, ya taɓa jihwata da ƙwallon goruba nan wurin."

Wannan karon ban iya riƙewa ba, sai da na dafa bango. Shi kansa Malam Garba gefen bakinsa na rawa. Lawali ne kaɗai bai ga abin dariya ba. Ya ce shi bai san ƙugiya ba, abin da ya sani mutum ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa hannunsa ne, kuma ba wanda ya tilasta shi. Ya ce a ba shi hoton kawai.

Muka fito da Dakta don ta rubuta magani. Gajeren tsohon nan ya sake tasowa da ƙullin leda, ya miƙo mini da dama, hagu na tallafe da gwiwar hannu kamar ɗazu.

"Ƙuli-ƙuli na, na Tsahe. Yana son shi. Ka ba shi, kak ka ce ni ne."

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta, na gane wannan ne Guntu. Dakta kuwa ba ledar take kallo ba. Ta matso ta rage murya.

"Baba, tun yaushe hannun nan ya daina ɗaguwa?"

Tsohon ya waiga dama da hagu kamar wanda aka kama da akuyar mutane. "Wa yag gaya miki?"

"Ba kowa. Hagun ce ke ɗaga damar, kuma kafaɗarka na tsalle zuwa kunne."

Wato gaisuwar da na kwashe rabin safiya ina taƙama da ita ba ladabi ba ce, hannu ne ya mutu. Dakta ta kalle ni ta gefen ido, ni kuma na shiga karanta sanarwar da ke manne a bango.

Malam Ila ya zauna ya fayyace mana. Tun daminar bara waccan hannun ya fara, daga ɗora buhuna a kan amalanke, har ya kai ba ya wuce ƙirjinsa. Ba wanda ya sani sai matarsa. Ya gano cewa in ya tallafe shi da hagu yana iya gaisawa, sai mutanen Tsafe suka fara cewa Malam Ila ya yi sanyi da tsufa, har yara yake girmamawa. Ya ce saura kaɗan a fara tura shi gaba in liman bai zo ba. Ranar rumbu kuwa ko taɓa Garba bai yi ba, karan dawa ne a hagunsa ya ɗan sosa masa ƙeya. Da ya ga dami ya faɗi, bakinsa ya riga hankalinsa.

Na ce to Baba, me ya hana ka faɗi haka tun farko?

Ya kalle ni kamar na yi tambayar wauta. "Ɗana, kana da taubashi? In Falwaya ya ji hannuna ba ya kai hula, na shiga ukku. Har kabari zai bi ni da ita. Gara a ce na karya ƙato da hannu ɗaya."

Dakta ta ce masa wannan sirrinsa ne, ita ba ta da ikon faɗa wa kowa, ni ma haka. Amma ta gaya masa gaskiya, hoton ƙashi bai gamsar da Lawali ba, kuma ba ta ga abin da zai gamsar da shi ba in ba wannan ba. Ana cikin haka muryar Lawali ta fito daga ɗaki, yana waya da wani ƙanensa, yana cewa a gaya wa liman sunan yaro Abubakar ne, an canza. Na ga fuskar tsohon nan ta faɗa. Tausayinsa ya kama ni sosai, domin duk barkwancin ya zube, saura dattijo da aka cire sunansa daga gidan da ya girma a ciki. Ya karɓe ledarsa daga hannuna ya miƙe.

Ya tura ƙofa ba sallama. Lawali ya zabura zai yi magana, uban ya ɗaga masa hagu.

"Falwaya," in ji Malam Ila, "diba nan, sau ɗaya za ni yi."

Ya ajiye leda, ya saki hannun dama, ya fara ɗaga shi zuwa hula. Hannu ya taso har ƙirji ya tsaya. Ya cije, kafaɗa ta haura kunne, ya karkace, gumi ya tsattsafo masa a goshi, hannu ya ƙi gaba. Ya sake shi ya faɗo. Sannan ya tsaya kusa da Malam Garba, kansa ko kafaɗar dogon bai kai ba.

"Da wane hannu nib buge ka?"

Malam Garba ya kalli hannun, ya kalli fuskar ɗan'uwansa. Sai wani sauti ya fara fitowa daga cikinsa, ya fashe da dariya har ya zube a kan kujera, yana riƙe da kafaɗa yana cewa wayyo, dariya na ƙara masa ciwo amma ya kasa dainawa. Hawaye na zuba yana nuna shi da yatsa.

"Shi yas sa kake gaishe da jikokina da hannu biyu. Ni ina cewa tuba kay yi."

"Yi ta yi," in ji Malam Ila, "ai kai ma rawani ka rataya awa akuyar kasuwa."

Dakta Sa'adatu ta zauna a kan teburina tana share ido da gefen hijabi. Masu jira a baranda suka fara leƙowa. Shugaban sashe ya fito daga ofis ya tambaya ko biki ake yi, na nuna masa tsofaffin nan biyu. Lawali kuwa ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya cire hula ya durƙusa a gaban Malam Ila ya ce, "Baba Ila, ka yahe min." Tsohon ya ce ya yafe, amma ya tashi da kansa don shi ba shi da hannun ɗaga ƙato.

Dakta ta duba Malam Ila yadda ya kamata, ta rubuta masa hoto, na ɗauka. Ƙugiya ce shi ma, har ta fi ta Malam Garba sunkuyowa. Nan sabuwar gardama ta tashi. Malam Ila ya ce ko a ƙugiya ya fi shi. Malam Garba ya ce ai daga gidansu ya samo ta, ta wajen uwarsa, don haka aro ce. Suka juyo ga Dakta ta raba su. Ta ce likitoci ma ba su gama daidaitawa ba, wasu sun ce da ita ake haihuwar mutum, wasu sun ce shekaru da aiki ke ƙara mata baki, ita dai ba za ta shiga rabon gadon kakansu ba.

Ta gaya musu gaskiyar lamari ba ɓoye-ɓoye. Malam Garba zai fara da magani da gashin ƙashi, in hannu bai tashi ba a yi maganar aiki, kuma jifan dami ya ƙare, ya bar wa su Lawali. Wannan ta yi masa ɗaci fiye da ciwon. Na Malam Ila ya daɗe da yawa, za a rage masa ciwo a ƙarfafa sauran jijiyoyin, amma kada ya sa rai hannun zai koma kamar da. Ya ce ba komai, dama hular da hagu yake sawa.

Wajen mayar da riguna ne na daina dariya. Babbar riga ba ta sawuwa da hannu ɗaya. Na matsa zan taimaka, Malam Garba ya ce in bari. Ya kama wuyan rigar Malam Ila da hagunsa, shi ma ya kama ɗaya gefen da tasa hagun, suka zura ta tare, suna zagin juna a kan wa ya fi rashin iyawa. Da suka gama ya ɗauki hular ya ɗora masa a ka ya daidaita ta. Lawali ya fita baranda ya sake kiran ƙanensa.

Ban samu zuwa sunan ba, ina bakin aiki. Amma an haɗa musu ranar gashi ɗaya, wannan ya taso daga Nahuce, wancan daga Tsafe, su haɗu a asibitinmu na Gusau, kuma ba sa tafiya sai sun leƙo ni. Masu gashi sun ce ba su taɓa ganin marasa lafiya masu himma irinsu ba. Akwai motsin da ake sa mutum ya tako bango da yatsu zuwa sama, su kuwa sun mayar da shi tsere. A bakinsu na ji cewa yaro ya ci sunansa Isma'ila, kuma da aka miƙa wa Malam Ila shi, Malam Garba ya sanar wa duk taron cewa kowa ya kwantar da hankali, ba zai iya ɗaga shi inda zai faɗo ba.

Abin da na koya ran nan shi ne, na'urarmu ƙashi take nunawa, kuma ta nuna shi daidai, amma wanda ya fi kowa buƙatar hoto yana zaune a benci na wuce shi ina gyara riga. Mutanenmu sun iya ɓoye ciwo, musamman dattawa, sukan sa masa rigar ladabi ko ta barkwanci su yi shekaru da shi. Shi ya sa har yau in tsoho ya miƙo mini hannu ya tallafe shi da hagu, nakan amsa gaisuwar da kyau, sannan in rage murya in ce, Baba, taɓa mini hularka da dama.